Wai da gaske kamfanoni ne ke tsara abin da gwamnati ke cewa a ci?

Maman Tagwaye:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min da bayani dan abin nan ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Babanmu ne aka gwada aka ce yana da ciwon suga, wata biyu kenan, kuma ni nake kai shi asibiti duk ranar da likita ya ba mu. To zuwanmu na ƙarshe bayan an gama ganin likita sai wata nas ta tara mu a baranda, masu suga da masu hawan jini da mu 'yan rakiya, ta yi mana bayanin abinci sannan ta raba mana wata takarda mai hoton dala, kamar dalar gyaɗa, daga ƙasa inda ya fi faɗi an jera biredi da shinkafa da taliya, can sama a ɗan tsinin kuma mai da kayan zaƙi. Bayan takardar kuma tallan wani garin shayi ne irin mai cakulan ɗin nan na gwangwani, har da rubutu wai su suka ɗauki nauyin bugawa. Ni dai na kawo gida na liƙa a jikin firij.

Sai ƙanena da ke jami'a ya zo hutu ya gani, ya ce wai wannan dalar daga Amurka aka kwafo ta kuma kamfanonin abinci ne suka yi ta kamun ƙafa a wajen gwamnatinsu har aka zana ta haka, wai har kuɗi aka biya manyan farfesoshi dan su wanke suga. Matsalar a gaban Baba ya faɗa. Yanzu Baba ya ce tunda duk kasuwanci ne a ƙyale shi ya sha shayinsa cokali uku kamar yadda ya saba, kuma wlh na kasa ba shi amsa. Shin maganar yaron nan gaskiya ce ko irin labaran WhatsApp ne? In gaskiya ce to wa za mu yarda da shi kenan?

Ɗan Kurmi:

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Fannin abinci na karanta kuma shi nake koyarwa, dan haka bari in ɗan ja bayanin, ki yi haƙuri da tsawonsa.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba, sai dai ya faɗi rabi ya bar rabi. Maganar biyan farfesoshi ta faru. A 1967 wasu masana uku na jami'ar Harvard sun fitar da dogon nazari a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, New England Journal of Medicine, kan abin da ke jawo ciwon zuciya, suka ɗora kusan duk laifin a kan kitse, binciken da ke nuna suga da hannu kuma suka yi ta nemo masa aibu suna ture shi gefe. Abin da mai karatu bai sani ba a lokacin shi ne ƙungiyar masu kamfanonin suga ce, Sugar Research Foundation, ta biya su dalar Amurka 6,500, wajen dala 50,000 kenan in an kwatanta da kuɗin 2016, kuma an nuna wa mutumin ƙungiyar rubutun ya gani kafin a buga. Ba a rubuta ko'ina cewa su suka biya ba, dan mujallar ba ta fara tilasta wa marubuta su faɗi wanda ya ba su kuɗi ba sai 1984. Shekara kusan hamsin abin na binne sai a 2016 wata likitar haƙori Cristin Kearns da abokan aikinta a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka tono wasiƙun a ɗakunan ajiyar takardu suka buga. Ɗaya daga cikin mutum ukun nan, Mark Hegsted, daga baya shi ya zama babba a sashen abinci mai gina jiki na ma'aikatar noma ta Amurka. Kowa ya ci ladan kuturu ai an san sauran.

Amma ni ba wannan ne ya fi damuna ba, dan sayen mutum uku abu ne da za a iya kamawa. Abin da ya fi wuyar kamawa shi ne yadda ake canja kalma. A watan Janairun 1977 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata George McGovern ya fitar da rahoto, a ciki aka ce wa mutane ƙarara su rage cin nama. Masu garken shanu suka taso kamar za su cinye shi, kuma shi McGovern daga jihar South Dakota ya fito, jihar kiwo ce. Kafin shekarar ta ƙare an sake buga rahoton, "a rage nama" ya ɓace, aka mayar da shi a zaɓi nama da kaji da kifin da za su rage wa mutum cin wani nau'in kitse. Kinga an tashi daga "rage" an koma "zaɓa", kuma an tashi daga sunan abincin da kowa ya sani an koma sunan sinadarin da talaka bai san a ina yake ba. Tun daga nan wannan salon ya zauna. In za a ce ka ƙara, sai a kira abin da sunansa, ci ganye, sha madara. In za a ce ka rage, sai a koma yaren ɗakin gwaji, rage sodiyam, rage kitse kaza, ba za ki cika jin an ce daina shan lemon kwalba ba.

Dalar da ke jikin firij ɗinki kuma ga labarinta. Ma'aikatar noma ce ta shirya ta za ta fitar a 1991, masu nama da masu madara suka ga an tura kayansu can sama inda wuri ya tsuke, suka kai kuka, sakataren noma na lokacin Edward Madigan ya janye ta ya ce sai an ƙara nazari. Sai 1992 ta fito, gindinta na cewa a ci biredi da shinkafa da taliya da dangoginsu kaso 6 zuwa 11 a rana, ba a wani bambanta farin fulawa da hatsin da ba a cire masa dusa ba a hoton. Kuma tun farko akwai gyara a tsarin, dan ita wannan ma'aikatar noma aikinta ne ta nemo wa manoma da makiyaya kasuwa, sannan ita ɗin ce dai tare da ma'aikatar lafiya ke fitar da jagoran cin abinci duk shekara biyar tun 1980. An ba kura ajiyar nama kenan. Su kansu Amurkawan sun ajiye wannan dalar a 2005, a 2011 suka koma hoton faranti, mu ne aka bar mu muna ta kwafa.

Mai Shago:

Malam na ji bayaninka kuma na ƙaru amma ina da ja a wani wajen. Ni shekarata goma sha huɗu ina sayar da kayan masarufi, kuma a saninmu babu sana'ar da ba ta da ƙungiya mai zuwa ta yi magana da hukuma, mu ma 'yan kasuwa in aka ce za a ƙara mana haraji ko za a tashe mu shugabanninmu suna zuwa su ga wanda ya kamata, mahauta ma haka, direbobi ma haka, to me ya sa in mai shanu a Amurka ya kare abincinsa sai ya zama laifi? Mutum ya ji an ce wa ƙasa guda kar a sayi kayansa ai dole ya yi magana.

Sannan kun ga harajin nan da aka sa wa lemo a nan Najeriya naira 10 a kan lita, wa ya biya? Ba kamfani ba ne, dila ya ƙara mana a kan katan mu ma muka ƙara, mai turin baro da ya sha rana ya zo sayen lemo mai sanyi shi ya biya. Kuma mutum nawa ke cin abinci a kamfanonin nan, daga masu lodi zuwa direbobi zuwa yaran da ke tallan sa a bakin titi. Ni ban ce suga ba ya illa ba, yayata ma tana da shi har an yanke mata yatsa, amma a riƙa duba ɓangaren biyu.

Abu ɗaya dai zan yarda da shi tunda a shagona yake, firij ɗin da ke bakin ƙofata kamfani ne ya ba ni kyauta, da sharaɗin ba zan sa kayan kowa a ciki ba sai nasu, yaronsu yana zagayowa ya buɗe ya duba, ranar da ya tarar na sa zoɓo da kunun aya na wata baiwar Allah da ke kawo min sai da ya ce in ya sake gani za su ɗauke. To zoɓon ya koma kula da ƙanƙara, kafin la'asar ya huce, lemon kuma yana nan da raɓa a jikinsa, ka san wanda za a saya.

Anti Nas:

Maman Tagwaye sannu da ƙoƙari, jinyar iyaye sai mai haƙuri. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma irin takardar da kika faɗa na raba ta da hannuna ba sau ɗaya ba, shi ya sa na kasa wucewa. Gaskiyar magana ba mu da kuɗin buga komai, ko katin awo wani lokacin sai mun yi karo-karo, sai wakilin kamfani ya shigo da takardu masu sheƙi ɗauri guda da kalanda da biro har da abin auna tsawon yara, me za ki ce masa? Sai daga baya na zauna na karanta bayan gwangwanin abin da ake tallatawa na ga suga na cikin abubuwan farko da aka lissafa, kuma a ƙa'ida abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Ranar raina ya ɓaci sosai dan masu ciwon suga nake miƙa wa.

Amma dan Allah ki faɗa wa Baba wannan, labarin da ƙanenki ya kawo ai hujja ce a kan suga, ba hujjar sha ba ce. Waɗanda suka biya kuɗin so suke a ci gaba da sha. In ya koma cokali uku to abin da suka biya dominsa ya yi musu kenan.

Kuma ba kowace hukuma ce ta durƙusa ba. A 2003 hukumar lafiya ta duniya WHO tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya FAO sun fitar da rahoto suka ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana. Ƙungiyar masu suga ta Amurka ta rubuta wa shugabar hukumar ta lokacin Gro Harlem Brundtland wasiƙa cewa za su sa majalisa ta sake duba dala miliyan 406 da Amurka ke ba hukumar in ba a janye rahoton ba. Ba a janye ba. A 2015 ma WHO ta sake jaddada kashi 10 ɗin ta ƙara da cewa in an sauko ƙasa da kashi 5 ya fi. In a kawo shi kicin, kashi 10 ga babban mutum wajen giram 50 ne, cokalin shayi 12 kenan a yini gaba ɗaya, kashi 5 kuma cokali 6. Robar lemo ɗaya mai 50cl irin mai cikakken suga ita kaɗai tana kaiwa giram 50 ɗin. Kuma wannan lissafin na mai lafiya ne fa, mai ciwon suga nasa daban, likitansa ne zai faɗa masa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne yara. Tun 1981 ƙasashe suka amince da ƙa'idar hana tallan madarar jarirai barkatai, ƙasa 118 suka ce eh, Amurka kaɗai ta ce a'a. Sannan a watan Afrilun 2024 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye tare da IBFAN, ƙungiyar da ke sa ido kan abincin jarirai, suka gwada Cerelac na ƙasashe daban daban, suka tarar wanda ake sayarwa a Jamus da Ingila ba a ƙara masa suga ba, na ƙasashe irin namu kuma an ƙara, na Najeriya sun samu wajen giram 6.8 a damu ɗaya. Kamfanin ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. To nan ne gizo ke saƙar, wa ke zama a teburin da ake rubuta dokar? Uwa za ta bar kunun gyaɗa da ta iya ta ci bashi ta sayi gwangwani tana ganin gata ta yi wa ɗanta, yaro ɗan wata shida an riga an koya wa harshensa zaƙi.

Ɗan Kurmi:

Alhaji Mai Shago maganarka tana kan hanya, ba wanda ya ce mai kaya kar ya yi magana. Bambancin shi ne in shugabanku ya je wajen ciyaman kowa ya san a matsayin ɗan kasuwa ya je. Abin da ake kuka da shi mai kaya ya shigo da rigar likita. Misali a 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa Coca-Cola ta ba da dala miliyan 1.5 aka kafa wata ƙungiyar masana mai suna Global Energy Balance Network, saƙonsu shi ne an cika damuwa da abin da ake ci da sha, a fi mayar da hankali kan motsa jiki. Mai karatu yana ganin farfesoshi ne ke magana. Da asiri ya tonu kafin ƙarshen shekarar ƙungiyar ta watse. Ko a 2011 da gwamnatin Amurka ta so gyara abincin da ake ba yara a makaranta, kamfanonin daskararren abinci suka bi ta majalisa aka bar dokar da ke lissafa cokali biyu na tumatirin gwangwani da ke kan fiza a matsayin kason kayan lambu.

Kuma kar a ce tsohon zance ne. Kwamitin masana na 2020 kan jagoran cin abinci ya ba gwamnatin Amurka shawarar a sauko da sugan da ake ƙarawa daga kashi 10 zuwa kashi 6, gwamnati ta karɓi rahoton ta bar shi a 10 ta ce hujjar ba ta isa ba. A 2022 kuma wani nazari ya duba mutum 20 da ke kwamitin ya tarar 19 suna da wata alaƙa da kamfanonin abinci ko na magani. Ba ina cewa duk an saye su ba ne, kun ga ai su ɗin ne ma suka ce a rage, amma a fannin nan kuɗin bincike da yawa daga kamfani yake fitowa, har ya zama samun masanin da bai taɓa karɓa ba aiki ne.

Batun naira 10 kuma Alhaji, dokar kuɗi ta 2021 ce ta kawo shi aka fara karɓa a 2022, ƙungiyar masu masana'antu MAN ta yi ta adawa da shi. A robar 50cl naira 5 kenan, ka fi ni sanin nawa roba take yanzu, in dila ya ƙara maka fiye da haka to ba harajin ba ne. WHO cewa ta yi sai farashi ya tashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga mutane sun rage sha sosai, shi ya sa wata ƙungiya mai zaman kanta a Najeriya, CAPPA, ke neman a kai shi naira 130. Na yarda talaka ne ke jin haraji, amma shi ne kuma ke sayar da fili in ƙoda ta tsaya aka fara wankin jini.

Wasu ƙasashen sun gwada wata hanya. Kanada da za ta sake nata jagoran da ya fito a 2019 ta hana jami'an da ke rubutawa zama da wakilan kamfanoni, da ya fito babu rukunin madara shi kaɗai kamar da, kuma aka ce ruwa shi ne abin sha. Brazil a 2014 ta bar lissafin sinadarai ta ce wa mutane su dafa abinci a gida su ci tare, su guji kayan da aka sarrafa a masana'anta har suka fita daga kamanninsu. Chile kuma tun 2016 take manna baƙin tambari a gaban leda in suga ko gishiri ko kitse ya yi yawa, ko wanda bai yi boko ba yana gani zai gane. Mu namu jagoran na Najeriya tun 2001 aka fitar da shi, ni dai ban taɓa shiga gidan da na tarar da shi ba, kalandar kamfani kuwa har ƙauye.

Maman Tagwaye:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Malam da Anti da Alhaji duka. Jiya da daddare na karanta wa Baba, na fassara masa inda ya kamata, da na zo wajen da Anti ta ce waɗanda suka biya kuɗin so suke a ci gaba da sha sai ya yi shiru ya daɗe, can ya ce wato shekara arba'in ni nake yi musu ciniki. Yau da safe cokali ɗaya ya sa, ya ɓata fuska amma ya shanye, na san likita zai ce a cire gaba ɗaya amma a hankali muke bi dan kar ya yi tawaye. Na ɗauko gwangwanin garin shayin da muke saya masa tun da aka ce ba shi da lafiya dan mu a tunaninmu ƙarin jini ne, na juya bayansa na ga suga ne na biyu a jerin, na mayar da shi can saman kabad. Takardar ma na cire daga firij, ranar Talata in mun koma zan tafi da ita in nuna wa nas ɗin bayanta dan ina ganin ita ma ba ta duba ba.

Anti tambaya ɗaya ta rage min, shi Baba tuwon dawa da miyar kuka ya fi so da daddare amma mun daina yi masa mun koma biredi da taliya saboda su muka gani a gindin dalar nan, shin in mayar masa da tuwonsa malmala ɗaya ko in jira sai mun ga likita?